Bencin Aro

Akwai ƙarar da benci yake yi in ana jan sa a kan daɓe, mai tayar wa mutum da tsigar jiki. Kunnena ya yi nauyi yanzu, sai jikoki sun ɗaga murya nake jin abin da suke cewa, amma wannan ƙarar na ji ta sarai tun daga ƙofar ɗakina, ranar da samari suka shiga majami'armu suka fara fito da bencuna. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa. Na aika a tambayo ko rasuwa aka yi ban ji ba, domin a garin nan ba a fito da bencunan coci a tsakiyar mako sai biki ko makoki. Aka dawo aka ce mini babu ko ɗaya, baƙi ne za su zo daga birni duba makarantar firamare, mai unguwa ya ce a kai bencunan aji don yara su sami wurin zama a ranar. Ban ƙara ɓare ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da na yi shekara da shekaru ina dannewa a ciki ya taso mini.

Sa'ad da nake yarinya garinmu ba gari ba ne yadda ake nufin gari a yau. Gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowane gida da rumbunansa da bishiyar da aka san shi da ita, amma kusa da juna yadda in maƙwabci ya yi tari za ka ce masa sannu. Babu wurin da ba a nomawa sai hanyar shanu. Da damina gero yakan rufe gidajen gaba ɗaya, sai dai ka gane gida da hayaƙinsa da sautin turminsa. Kowace mace da irin dakanta. Innata takan yi luguden nan mai tafi, tana cilla taɓarya sama, har kakana yana cewa ranar da taɓaryar ta sauko a kan wani, kada a taso shi shari'a. Shi kakan nawa bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba, ya mutu a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Babana ne ya fara bin addinin Kirista a gidanmu. Gidan mai unguwa da na liman da rabin garin Musulmi ne. Rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke yi, kuma tarbiyya ɗaya aka yi mana: kome yunwar da kake ji, in aka tambaye ka, ka ce lafiya lau. Yaron da ya faɗa wa baƙo cewa ba a ɗora tukunya a gidansu ba, ya yi abin kunyar da za a riƙa tuna wa uwarsa har ta tsufa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ake faɗa mana safe da yamma.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da jinka, a gindin wata ɗorawa. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen garma ne da aka rataye a reshe. In aka buga shi, sai ka ga yara suna fitowa daga cikin gero ta ko'ina, wani da sauran koko a leɓe, wata ba ta gama sauke tulu ba. Babu benci, babu tebur. Kowa da tubalinsa da yake zama a kai, kuma kowa ya san nasa, a kan tubali an sha yin dambe. Jinkar ta tsufa, in hadari ya haɗo sai mu tattara alluna mu matsa kusurwa guda, mu yi ta karatu ruwa yana bi ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Mu 'yan mata ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ni ce mai kaifin baki a cikinsu, kuma ba don yabon kai ba, ni ce mai kaifin kai a ajin duka. Ni ake sa wa a gaba, ni ake ba ƙarfen in buga.

Malaminmu ɗaya ne tal, baƙo ne daga wani gari can gabas. Dogo ne siriri, yana da riga biyu, in ya wanke ɗaya ya sa ɗaya. Ba ya duka sai abin ya kai maƙura. In ka yi kuskure sai ya tsaya yana kallonka, har ka gwammace ya dake ka a huta. Daga bakinsa na fara jin cewa ruwan da ke sauka a gonarmu daga teku yake tasowa, na je na faɗa wa kakana, ya ce a gaya wa malamin ya rage shan rana. Duk ƙarshen wata yakan hau kekensa ya tafi Ɗanbatta karɓar albashi. Wani watan ya dawo da gishiri da kananzir da alli a ɗaure a bayan keke. Wani watan ya dawo keken babu kome, ya jingine shi, ya shigo aji yana murmushi kamar babu abin da ya faru. Irin waɗannan watannin suka yi ta yawa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma mata ba sa bukatar a faɗa musu, hayaƙi suke dubawa. In kwana biyu ba a ga hayaƙi a bayan ɗakin Malam ba, sai Inna ta zuba tuwo a akushi ta ce in kai masa, in ce miyar ce ta yi mata wani iri, ya ɗanɗana ya faɗa mata ko gishiri ya ji. Shi kuma ya karɓa ya ce a gaya mata zai duba. Haka aka yi ta yi, ba wanda ya ba wani kunya.

Yana da aboki da suka yi makarantar horon malamai tare, aka tura abokin koyarwa can wani yanki mai nisa, bayan an haye babban kogi. Yakan aiko masa da wasiƙa. Wata rana har da hoto, Malam ya zagaya da shi muka gani: gini mai rufin kwano, tagogi a jere, yara kowa da teburinsa. Na tambaye shi ko wata ƙasa ce. Ya ce a'a, ƙasarmu ce, kuma takardar shaidar da abokin yake da ita irin tasa ce, sai dai shi wata ba ya mutuwa ba a biya shi ba. Na ce to me ya sa? Ya ce, "Gida ɗaya ne, amma kowane sashe da tukunyarsa. Wata ana iza mata wuta, wata an ɗora ta an manta." Abin da ba mu sani ba shi ne abokin ya daɗe yana kiran sa ya taho, akwai gurbi. Wani abin kuma da ba mu sani ba, Malam ya yi ta rubuta takarda zuwa ofishin ilimi yana faɗin halin da muke ciki: ga jinka tana yoyo, ga yara a ƙasa, ga shi shi kaɗai a kan aji uku a ɗaki ɗaya, ga albashi yana maƙalewa. Ya yi wa kansa alkawari, in aka zo aka gani aka gyara, zai zauna. Bai gaya wa dattawan gari ya rubuta ba. Yaya zai dubi mai unguwa ya ce na kai talaucinku gaban hukuma? Shi ma irin tarbiyyarmu aka yi masa.

Wata Litinin ya je gidan mai unguwa ya ce ranar Alhamis babban baƙo zai zo, sufeton makarantu, kuma shi zai tafi Ɗanbatta ya jira shi su taho tare don kada ya ɓata a hanya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya hau keke. Ƙurarsa ba ta kwanta ba mai unguwa ya sa aka buga gangar gayya. Ya ce mutumin nan ya bar garinsu ya zo yana koya wa 'ya'yanmu, yau ubangidansa zai zo, in muka bari ya ga wurin nan a haka mun tozarta shi, mun tozarta kanmu. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, ko a gonar sarkin noma. Maza suka sauke tsohuwar jinka, kowane gida ya kawo ciyawar da ya tanada don nasa ɗakin. Babana ya kwance zanar da ya saƙa don bayan gidanmu ya kawo. Mata suka jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, suka yi daɓe suna waƙa, suka shafe bango da farar ƙasa ciki da waje. Aka kwashe tubalanmu aka zuba a bayan ɗorawa aka rufa musu kara. Aka ɗauko bencunan majami'a duka, liman ya ba da darduma aka shimfiɗa a gaban allo, mai unguwa ya ba da teburin da yake ajiye takardun haraji. Yaron da ba shi da riga aka aro masa. Ni Inna ta yi mini kitso, ta ɗaura mini zanen da take zuwa coci da shi, ninki biyu. Kowa yana murna, ana cewa Malam zai sha mamaki.

Da safiyar Alhamis Baba ya riƙe kafaɗata a ƙofar gida ya ce, "Ke ce a gaba, ke za a tambaya. Kome aka tambaye ki, ki ce lafiya lau. Kada ki ba mu kunya, kada ki ba Malam kunya."

Da hantsi suka iso. Ina kallon Malam ta taga lokacin da ya sauka daga keke ya ɗaga kai ya ga sabuwar jinka. Ya tsaya cak. Dattawa suna ta murmushi suna jira ya yi murna, shi kuwa fuskarsa ta yi kamar wanda aka yi wa saƙon mutuwa. Sufeton gajere ne mai tabarau, da takardu a hammata. Ya shigo, muka miƙe muka gaishe shi da murya ɗaya. Ya dubi sama, ya dubi bango, ya buga daɓen da takalminsa, ya shafa benci. Ya zaro wata takarda ya karanta, ya sake duban ɗakin, ya dubi Malam. Sannan ya sunkuyo gabana.

"Yarinya, a kan wannan bencin kike zama kullum?"

Na dubi Malam. Idonsa yana kaina, bai ko girgiza kai ba. Na dubi taga, ga Baba a tsaye cikin dattawa. Na ce, "I, ranka ya daɗe."

"In ana ruwa, yana zubo muku?"

"A'a, ranka ya daɗe. Lafiya lau."

Ya miƙe, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "To, Malam, gani ya kori ji. Akwai makarantun da ko inuwa ba su da ita, kai kana nan kana cika mana ofis da kuka. Ka ji tsoron Allah." A gabanmu ya faɗa. Kalma ɗaya Malam zai yi, ya ce a ɗaga karan da ke bayan ɗorawa, magana ta ƙare. Amma in ya yi haka ya mai da mai unguwa da liman da iyayenmu maƙaryata a gaban baƙo, mutanen da suka ba da ciyawar rufin ɗakunansu saboda shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Aka ciyar da sufeto dambu da kaji, aka ɗaura masa gyaɗa da zabi biyu a bayan keke, aka raka shi har hanyar shanu. Ya tafi yana cewa bai ga gari mai rufin asiri irin namu ba. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma namu ya rufe, har ya wuce inda ake so.

Ranar Asabar aka mai da bencuna saboda sujadar Lahadi, muka tono tubalanmu. Da yamma Baba ya tafi gai da Malam, na bi shi da akushi. Ya ce, "Malam, ina fata mun fita kunyarka." Malam ya ce, "Kun fita, Baba. Allah ya saka da alheri." Sannan ya ga ba amfanin ɓoyewa, ya faɗa masa duka: takardun da ya rubuta, da abin da sufeto ya zo tabbatarwa, da cewa kwanon rufi da bencuna da malami na biyu an ware su ne don makarantar da aka ga ta fi bukata, kuma yanzu ko maganar albashinsa ya kai, za a ce mai ƙarya ne ya zo. Baba ya ce, "Don me ba ka faɗa mana ba?" Malam ya ce, "Don abin da ya hana ku nuna masa tubalan." Ban taɓa ganin babana ya tashi daga wuri ba sallama ba sai ranar.

Kwanon ya tafi wani gari. Malam ya ƙarasa shekarar da mu, bai taɓa tayar mini da zancen ba, bai fasa ba ni ƙarfen in buga ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Bayan an yi girbi ya ɗaure akwatinsa a bayan keke zai tafi wurin abokinsa. Na tare shi a hanyar shanu ina kuka, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Abin da aka koya miki kika faɗa. Ni ma ban koya miki wata amsar ba." Ya tafi. Aka ce za a turo wani, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Awaki suka mai da ajin ɗakinsu. Sa'ad da aka sake buɗe makarantar na riga na wuce zama aji. Karatuna ya tsaya inda ya bar shi: ina karanta Littafi Mai Tsarki, ina karanta wasiƙa, shi ke nan. Ni da nake cewa zan zama malama. Na yi noma, na yi aure da wanda nake so, na haifi 'ya'ya, ban ce rayuwata ta lalace ba. Amma duk sa'ad da na tuna sauran yaran ajin nan, waɗanda ko sunansu ba su kai ga iya rubutawa ba, sai in ji da bakina na rufe musu ƙofa. Mutane sun ce mini yarinya ce ke, me kika sani? Na sani. Na san a kan tubali nake zama.

Yanzu gero ba ya rufe gidaje, gidaje ne suke cinye gonaki. Injin niƙa ya kashe lugude, ba ka gane gidan kowa da sauti. Makarantar ta zama ta bulo, an yi ta a wani zamani da aka tuna da mu, amma iska ta yaye rabin kwanon, simintin ƙasa ya farfashe, yara sun ninka namu sau ban san adadi ba, kuma a ƙasa suke zama, wasu a kan buhu, wasu a kan takalmansu. A cikin malaman da suka rage akwai jikana, wanda nake tsokana da maigidana. Albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. In aka tashi daga makaranta sai ya hau babur ya yi acaɓa zuwa Ɗanbatta har magariba, ga mata ga ɗa. Kwanan baya ya nuna mini hoto a waya, abokinsa ne da ke koyarwa a wata jiha, aji da fanka da kujeru. Ya ce, "Kaka, takardarmu ɗaya da shi, amma abin da yake ɗauka ni sai in haɗa da babur ban kamo shi ba. Ya samo mini wuri. In baƙin nan suka zo suka tafi ba abin da ya canja, sai dai ki nemi wani mijin." Na yi dariya don ya ga na yi, amma hoton nan na taɓa ganin sa a hannun wani.

Shi ya sa da na ji ƙarar bencunan na ɗauki sandata. Na tarar da mai unguwa na yanzu, jikan wancan, a ƙofar majami'a yana nuna wa samari inda za su bi. An riga an sayo fenti, an yi maganar aron kujerun biki. Na gaishe shi yadda ya kamata, ya ce, "Iya, da kanki? Ai da kin aiko." Na ce, "Ranka ya daɗe, a mai da bencunan nan." Ya ce, "Haba Iya, manyan baƙi ne fa. So kike su ce mu ba mutane ba ne?" Na ce, "Kakanka ma haka ya ce, kuma mutumin kirki ne, ya fi ka son garin nan. Zauna in ba ka labari." Ya zauna a kan ɗaya daga cikin bencunan, samari suka kewaye mu, na faɗa musu abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Da na gama wani dattijo ya ce duk da haka tonon asiri ba kyau. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mai magani ne zai zo, ba surukai ba. Mai unguwa ya miƙe. Sannan ya ce a mai da bencuna, fentin kuma a ajiye. Ya ce amma za a dafa wa baƙi abinci. Na ce wannan kam dole, ba mu lalace ba.

Jiya suka zo, mota biyu. Na sa jikana ya kai ni a babur tun da safe, na zauna a ƙofar ajinsa. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Ganin baƙi masu tsabtar kaya suna tsallake ramukan ajinmu, suna ɗaga kai suna ganin sama ta cikin rufi, sai na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa, na kuma ji muryar Baba a kunnena. Dattawa suna tsaye a taga, kowa ya kau da kai. Wata mata a cikin baƙin, mai littafi a hannu, ta durƙusa gaban wata 'yar yarinya da ke gaba a kan buhu, ta ce, "'Yan mata, a nan kuke zama kullum, ko yau ne kawai?" Yarinyar ta dubi malaminta, ta dubi taga inda ubanta yake. Na ga bakinta yana shirin haɗa lafiya lau.

Ban san sa'ad da na dogara sanda na miƙe ba. Ban sani ba ko za su kawo kwano, ban sani ba ko maigidana zai zauna, wannan yana hannun Allah da hannun masu iza wuta. Na ce, "Ranki ya daɗe, bar ta, ni aka fara yi wa tambayar nan." Matar ta juyo tana dubana. Na ce, "A ƙasa muke zama. In ana ruwa yana zubo mana. Malaminmu kuma yunwa yake ji."

Ta buɗe littafinta ta rubuta.